Mu biyar za mu Italiya, me za mu ci?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokaina huɗu mun samu biza a Yawunde, kwana takwas za mu yi tsakanin Roma, Firenze da Nafoli. Ba na tsoron hanya, cikina nake wa tsoro. An ce naman alade ko'ina yake. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Hajiyar Marwa: Wa'alaikumussalam ɗana. Ka riƙe kalma ɗaya: "maiale", alade ke nan. Taliyar karbonara da shi ake yin ta, kada farin miyar ya ruɗe ku. A Nafoli ku ci fizar Margarita, tumatir ne da cuku da ganye kawai. Ni kwana uku ita na yi ta ci har maigida ya fara yi mini dariya.

Mai shago, Injamena: Alhaji, ku sayi tikitin Kolosiyum, tsohon filin wasa na tarihi da ke Roma, ta intanet tun kuna gida. Mu mun yi sakaci, muka sha rana a layi kamar ta watan Afrilu a nan, abokinmu ɗaya ya yi fushi ya koma masauki. Kuma in kun zauna cin abinci akwai kuɗin zama da suke kira "coperto", kowa da nasa. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ku yi lissafi.

Hajiyar Marwa: Na manta, ku yi Juma'a a babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995. Mahautan halal kuwa suna nan kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma.

Ɗan Garwa: Allah ya saka. Yaji dai da kilishin Ngawundare sun riga sun shiga jaka.

Mai shago, Injamena: Fitar da kilishin, ba a shiga Turai da nama. Yajin ya isa.