An ce an kwafo rubutun manhajar kamfani cikin buɗaɗɗiyar manhaja: ta ina za a fara?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana doka da masana manhaja. Wasu matasa a nan Kano suna da buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin rubutun da aka gina ta da shi, ta lissafin kaya da bashi, wadda wasu 'yan Kantin Kwari da masu shagunan waya ke amfani da ita kyauta. Tana kan GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, da lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da rubutun da gyara shi, muddin wanda ya rarraba manhajar da ya gina da shi ya sake ta da wannan lasisin. Makon jiya lauyan wani kamfani ya aiko musu da takarda, wai ɓangaren da ke buga rasit da lissafa ragowar bashi an ɗauko shi ne daga manhajarsu ta sayarwa, ta hannun wani yaro da ya taɓa yi musu aiki. Sun ba da kwana 14 a sauke manhajar daga GitHub baki ɗaya, in ba haka ba sai kotu. Takardar ba ta ambaci fayil ko layi ko ɗaya ba. A sauke ne, ko a goge wannan ɓangaren kawai, ko a yi shiru?

Barista Gyaɗi-Gyaɗi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Shiru dai a'a. A mayar da amsa a rubuce kafin wa'adin ya cika, ta hannun lauya, ba tare da an amsa laifi ko an musanta ba. Abu biyu za a nema a ciki.

Na farko, su nuna cewa haƙƙin mallakar nasu ne. Mutane na ɗauka duk abin da ma'aikaci ya rubuta na ubangidansa ne, alhali a dokarmu ba haka yake kai tsaye ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kuma haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya rubuta, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Miƙa haƙƙi ga wani kuma sai a rubuce. To ina takardar ɗaukar aikin yaron, kuma me ta ce? Da yawa daga ƙananan kamfanoninmu da baki ake ɗaukar aiki, a biya ta banki, shi ke nan. In babu takarda, ƙafar ƙararsu ɗaya ta karye tun ba a tashi ba.

Kada a raina wannan tambaya, ita ce ta kayar da kamfanin SCO a Amurka. A watan Maris na 2003 ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga zuwa biliyan 5, wai an zuba rubutun Unix, manhajar tafiyar da kwamfuta da yake cewa tasa ce, cikin Linux, buɗaɗɗiyar manhaja mai irin wannan aiki. Har ya riƙa neman masu amfani da Linux su sayi lasisi da ke farawa daga dala 699 kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Sai kamfanin Novell ya ce ai haƙƙin mallakar Unix bai taɓa barin hannunsa ba. A 2007 alƙali ya ba Novell gaskiya, SCO ya nemi kariyar karayar arziki a watan Satumba na wannan shekarar, a 2010 masu taya alƙali hukunci suka sake tabbatar da cewa haƙƙin na Novell ne. Ragowar shari'ar da IBM ba ta mutu ba sai 2021, da sulhun dala miliyan 14.25. Shekara 18 ke nan ana abu ɗaya.

Na biyu, su faɗi wane fayil, wane bugu, daga layi na nawa zuwa na nawa. "An kwafi manhajarmu" ba zargi ba ne da za a iya amsawa. A shari'ar SCO ma, a 2006 kotu ta yi watsi da mafi yawan abubuwan da suka lissafa saboda sun kasa nuna fayil da layi. In sun ce rubutunsu sirri ne, sai a yarda a kan masani guda da ba ya ɓangaren kowa, ya sa hannu a takardar riƙe sirri, ya duba duka biyun.

In ta kai ga kotu, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi a kan haƙƙin mallaka, ba kotun jiha ba. Kuma a lura, ko da batun haƙƙin mallaka ya faɗi, suna iya bin yaron shi kaɗai da ƙarar tona sirrin aiki. Wannan wata shari'a ce dabam.

Injiniya Gwale ya amsa:

Barista ya faɗi na doka, ga na hannu. Kafin a taɓa komai, a ɗauki cikakken kwafin ma'ajiyar rubutun da ke GitHub da umarnin git clone --mirror (git ita ce manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara), a dunƙule shi fayil ɗaya, a fitar da lambar SHA-256 ɗinsa, wadda ke canjawa in an taɓa fayil ɗin, a rubuta ranar, a ajiye a faifai biyu. Ɗaya wajen lauya.

Sannan a bi asalin kowane layi. git blame zai nuna wanda ya sa layin da ranar, amma yana ruɗi: in wani ya gyara tazara ko ya matsar da layukan zuwa wani wuri, sunansa ne zai fito. A sa masa -w da -M da -C don ya tsallake wannan. git log -S da sunan wani aiki, wato guntun rubutu mai suna da manhajar ke kira, zai kai ka ranar da ya fara bayyana. Abin da za a duba shi ne yadda rubutun ya shigo. Wanda mutum ya rubuta da kansa yana zuwa kaɗan-kaɗan, layi 30 yau, gyaran kuskure gobe, a goge a sake. Wanda aka kwafo yana faɗowa lokaci ɗaya, ɗaruruwan layuka cikakku ba tangarɗa, da salon da ya bambanta da sauran ma'ajiyar.

Kada a dogara da kwanan watan da ke cikin git shi kaɗai, domin daga agogon kwamfutar mai rubutu yake, kowa na iya canja shi. Wanda ya fi ƙarfi shi ne abin da sabar ta rubuta da kanta: ranar buƙatar haɗe gyara, saƙonnin imel da GitHub ya aika, ko kwafin da ma'ajiyar Software Heritage ta ɗauka in ta ɗauka. A jera waɗannan kusa da ranar da yaron ya fara aiki a kamfanin da ranar da ya bari.

Malama Tarauni ta amsa:

Ina so in ja hankali kan kamanni, don a nan ake tsorata mutane. Manhajojin gwada kamannin rubutu irin su MOSS ko JPlag za su iya cewa fayiloli biyu sun yi kama sosai, amma wannan ba hukunci ba ne. Doka tana kare yadda aka rubuta, ba dabarar ba. Tun shari'ar Computer Associates da Altai a 1992, kotunan Amurka suke tace rubutu kafin su gwada: a cire abin da hanya ɗaya ce ta rubuta shi, a cire abin da na'ura ko ƙa'ida ta tilasta, a cire na kowa da kowa, sai a kwatanta ragowar. Hukuncin bai ɗaure alƙalinmu ba, amma lauya na iya kawo shi misali. Ku duba naku: yawancin ƙananan injinan rasit da jerin umarni guda, ESC/POS na kamfanin Epson, suke aiki, don haka duk wanda ya rubuta ɓangaren buga rasit dole lambobinsa su yi kama da na wani. Lissafin ragowar bashi kuma ɗebewa ne.

Abin da ke tona asiri na gaske ƙanana ne: kuskuren rubutu iri ɗaya a cikin bayanin gefe, sunan ma'aikacin kamfani ko adireshin sabarsu da aka manta, aikin da ba a kiransa ko'ina amma yana nan a duka biyun, ko kuskuren lissafi iri ɗaya wajen cike kobo.

Kuma a duba ko duka biyun daga rijiya ɗaya suka sha. A watan Agusta na 2003 SCO ya nuna wasu layuka a matsayin hujja, nan da nan masana suka gano wani ɓangaren tsohon rubutun Unix ne da aka riga aka saki da buɗaɗɗen lasisi, wani kuma daga BSD yake, nau'in Unix na Jami'ar Kalifoniya. A ƙarar da USL, kamfanin da ke da Unix a lokacin, ya kai kamfanin BSDi mai sayar da BSD a 1992, Jami'ar Kalifoniya ta mayar da ƙara cewa USL ma ya ɗauki rubutunta ya cire sunanta. Da aka yi sulhu a 1994, fayil 3 kacal aka cire cikin kusan 18,000. A gudanar da ScanCode, manhajar da ke gano lasisi da sunan mai haƙƙi a cikin rubutu, a kan ɓangaren. In kamfanin ne ya sa rubutun GPL cikin manhajar sayarwa, magana ta juya.

In kuwa an tabbatar yaron ya kwafo, lasisin GPL bai wanke komai ba, don ba ka bayar da abin da ba naka ba. Sai a cire ɓangaren a sake rubuta shi da hannu mai tsabta, yadda kamfanin Phoenix ya yi da BIOS, manhajar tayar da kwamfuta, na IBM a 1984: mutum ɗaya ya rubuta bayanin abin da ɓangaren ke yi, ba layin rubutu ko ɗaya, wani da bai taɓa ganin tsohon ba ya gina daga bayanin, a ajiye takardun duka. Yaron ba zai shiga wannan aikin ba. Daga yanzu kuma duk mai kawo gyara ya sa layin Signed-off-by da git commit -s, shaidar cewa yana da ikon bayar da abin da ya kawo. Linux ya fara haka ne a 2004, ana tsakiyar rikicin SCO.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗaya daga cikin yaran yana cewa a yi amfani da git filter-repo a share ɓangaren daga tarihi tun yanzu, a huta. Ranka ya daɗe Barista, ya halatta?

Barista Gyaɗi-Gyaɗi ya amsa:

Ka hana shi, Malam, yau ɗin nan. Share tarihi bayan takardar lauya ta iso zai yi kama da ɓoye shaida, kuma wannan tarihin ne hujjar matasan mafi ƙarfi in suna da gaskiya. Ba zai ma ɓace ba, tunda duk wanda ya taɓa kwafar ma'ajiyar yana da shi. Abin da za a iya yi shi ne a kashe ɓangaren a sabon bugu, a rubuta cewa an dakatar da shi har a gama bincike. Share tarihi sai in sulhu ya buƙaci haka, a rubuce.

Su kuma shirya wa abu biyu. Kamfanin na iya aika wa GitHub takardar saukewa a ƙarƙashin DMCA, dokar haƙƙin mallaka a intanet ta Amurka. In an rufe ma'ajiyar, mai ita na iya shigar da takardar musu, kuma ana buɗe ta cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 muddin mai ƙorafin bai nuna ya shigar da ƙara ba. Amma takardar musun rantsuwa ce, kuma tana ɗauke da yarda da hurumin kotun Amurka, don haka kada yaro ya cike ta shi kaɗai da dare. Sannan duk abin da Injiniya ya lissafa, in zai shiga gaban alƙali a nan, sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011: takardar da ke bayyana na'urar da aka fitar da shi da yadda aka fitar, da sa hannun wanda ke kula da ita. A rubuta sunan kwamfutar da wanda ya ɗauki kwafin tun ranar da aka ɗauka.