Abin da aka tattauna a fada kan batun dron

Jama'a ga taƙaitaccen abin da muka tsayar a hirar fadarmu ta Zango nan Damagaram. Wani baba tsohon soji shi ya fi jan maganar, ya ce ku dubi Yukren tun 2022, ƙaramin dron irin wanda ake ɗaukar hoton biki da shi yana lalata tankar yaƙi mai ɗan karen tsada, to shawararshi kar ƙasa ta zuba kuɗinta duka a manyan kaya, manyan dron TB2 na Turkiyya da Nijar ta samu a 2022 suna da amfani amma in ƙarfe ɗaya ya lalace sai an jira daga waje.

Shi ya sa aka fi nacewa kan gyara, a koya wa yaranmu na jami'ar André Salifou da masu gyaran salula na kasuwar Dole haɗa batir da kamara da zai jure zafi da ƙurar hunturu. Ni dai nan na fi yarda.

Wani kuma ya ce a tuna 'yan ta'adda ma suna saye, dole a nemi na'urar katse masu sadarwa. Kuma dron bai maye gurbin labarin da mutanen ƙauye ke kawowa, saboda ta sama makiyayi a kan moto da ɗan bindiga kusan kamarsu ɗaya.