Neman kalma kafin Asabar: me za mu kira burnout da Hausa?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa marubuta, agaji nake nema. Ranar Asabar da safe an gayyace ni shirin Hausa a wani gidan rediyo nan Legas, kan abin da Turawa ke kira burnout, musamman yadda yake kama masu rubuta ƙagaggun labarai. Mai gabatarwa ta ce in zo da kalma ɗaya ta Hausa, don masu sauraronta 'yan kasuwa ne da matan aure, ba ta son a cika su da Turanci.

"Gajiya" ba ta yi mini ba, domin na san abin a jikina. Bara ina tsakiyar littafina na shida, kullum bayan isha'i sai na saki shafi a WhatsApp, mutane sun riga sun biya kuɗinsu. Wata bakwai ban tsallake dare ba, da wuta ko babu, ga yara, ga shago. Ran nan na buɗe waya na ga sunan jarumar labarin, sai na ji ko ganinsa ba na son yi. Na huta mako biyu, har Zariya na je na dawo, abin na nan daram. Gajiya barci ne maganinta. Wannan bai ji barci ba.

Abban Sadik, Mile 12

Wa alaikumus salam. Ƙosawa, ko gundura. Labarin ya gundure ki, shi ke nan.

Anti Bilki, Idi-Araba

Abban Sadik, ƙosawa kashi ɗaya cikin uku ta ɗauko. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace burnout a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, ta ce abu ne da ke zuwa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa ganin baƙinsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Kuma hukumar ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba. Don haka don Allah kada a sa "ciwon" a gaba, kada kuma a haɗa shi da ciwon damuwa. Mu da ke aikin jinya mun san ɓarnar da haɗa su ke yi.

Malam Ɗanjuma, Obalende

Mai fassara zai fara da "ƙonewa". Larabawa haka suka yi, suka ce ihtiraƙ. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, shi ya shahar da kalmar burnout a 1974, bayan ya ga yadda 'yan sa-kai a wani asibitin kyauta na birnin New York ke farawa da zafinsu su ƙare ba su da sauran kuzari. Matsalar ita ce a Hausa wuta ta riga ta kama wasu ma'anoni. Ƙunar rai baƙin ciki ne. Ƙonewar zuciya kuwa, mai sauraro zai ɗauka ƙwannafi ake nufi. Ni zan ce ƙafewa. Ƙafewar basira, kamar rijiya a bazara.

Maman Ilham, Agege

Allah ya gafarta Malam, ƙafewar basira daban take, ita ma na santa. Ita ce ka zauna kana so ka rubuta amma babu abin da ya zo. Ni kuwa labarin yana kaina tsaf, na san wanda zai mutu, na san wadda za a saka. Hannun ne ya ƙi, zuciyar kuma ta ce ba ruwanta.

Alhaji Tanko, Alaba Rago

Ku tsaya ku ji ta bakin tsoho. Sunansa cin lagwani. Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya sani: muddin akwai kananzir, shi wuta ke sha, lagwani hanya ce kawai. Da mai ya ƙare, wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta koma cin lagwanin kansa, ta yi ja, ta yi hayaƙi, ta baƙanta ƙwan. Mai karatu yana ganin haske ya ce fitila na aiki, alhali kanta take ci. 'Yata, ba haka kika ji ba? Wata bakwai ɗin nan, nawa ne a ciki da mai, nawa ne da lagwani?

Maman Ilham, Agege

Wallahi Baba ka taɓo wurin. Wata uku na ƙarshe duk lagwani ne. Masu karatu ma sun gane, suka fara cewa labarin ya yi sanyi.

Sadiya, Ebute Meta

Baba misalin ya yi kyau, amma ƙannena ba su taɓa ganin lagwani ba, fitilar caji suka sani. Me zai hana a ce banawut kawai? Mota da tasha da asibiti duk haka suka shigo.

Malam Habu, Apapa

Ga irinta nan. Wannan ce Hausar Legas, kowace kalma aka gani a titi sai a ɗauko a sa mata hula. Yaran da aka haifa a nan ba sa bambance ƙ da k, suna cewa "zan je in yi baying", sannan su ne za su yanke mana kalma? Tun 1934 Bargery ya tattara dubban kalmomi, Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusunta a 2006. A buɗe su. Akwai galabaita, akwai jigata, akwai kasala. Ba mu rasa komai ba, karatu ne ba a yi. Shi ma cin lagwanin, zaurance ne na zaman hira, ba kalmar da za a kai gidan rediyo ba ce.

Sadiya, Ebute Meta

Malam, da girmanka, a Legas aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kuma da Hausa nake mafarki. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege. Ba baƙi ba ne mu a harshenmu don ba mu tashi a gindin Dala ba.

Malam Ɗanjuma, Obalende

Malam Habu, a yi adalci. Ashana da akawu daga Yarabanci muka karɓo su, kuma a Kano ma haka ake faɗa. Kananzir Turanci ne. Fitila Larabci ce, can ma ainihin ma'anarta lagwani. Aro ba laifi ba ne. Abin da ya hana ni karɓar banawut shi ne ba ta gaya wa mai sayar da tumatir a Mile 12 komai, kuma shi ake son ya ji ya gane kansa.

Alhaji Tanko, Alaba Rago

To kun gani, Malam ma ya dawo kan lagwani. Kuma wa ya ce zaurance ba ya zama kalma? Cin hanci fa? Akwai wanda ya taɓa tauna hancin wani? Cin amana, cin fuska, cin zarafi. Bahaushe da "ci" yake gina irin waɗannan. A ce cin lagwani sau uku a rediyo, wallahi kafin la'asar ya zagaye kasuwa.

Anti Bilki, Idi-Araba

Ni kasala ce ba zan yarda da ita ba ko kaɗan, Malam Habu. Kasala zargi ce. Matan nan masu rubutu da ma abin da ake jifansu da shi ke nan: an biya ki kin yi shiru, kin cinye kuɗin mutane, lalaci ne ya kama ki. Idan aka ce kasala a rediyo an ba masu zagi sanda. Galabaita da jigata kuma jiki suka fi kamawa, kamar wanda ya kwana a cunkoson gadar Third Mainland. Shi wannan gobe ya warke.

Malam Habu, Apapa

Na janye kasala. Sauran maganata na nan.

Abban Sadik, Mile 12

Hajiya Maman Ilham, ni tambayata daban ce. Yaya kika fita? Matata ma tana rubutu, kwana biyu ko sallamar masu karatunta ba ta amsawa.

Maman Ilham, Agege

Ban ce na gama fita ba. Abin da na fara yi shi ne gaya wa masu karatu gaskiya, na ce wanda ke son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Kaɗan suka karɓa, da yawa addu'a suka yi mini. Na koma sakin shafi sau uku a mako. Na daina karanta sharhi da dare, don shi ya fi cin raina: wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce in an kashe ta ta bar karatu, kai kuma kana kwance kana juya labarin don ka faranta wa kowa, har ya daina zama naka. Na ba ƙanwata wayar karɓar kuɗi. Yanzu kuma ba na tallar littafi sai na rubuta fiye da rabinsa. Abin da ya dawo mini da ɗanɗanon rubutu wani ɗan gajeren labari ne da na yi a littafin makaranta da biro, ban nuna wa kowa ba. Ka karɓar mata wani aikin gidan, kuma kada ka tambaye ta yaushe za ta ci gaba.

Anti Bilki, Idi-Araba

Ƙari ɗaya, ki faɗe shi a shirin. Idan abin ya wuce rubutu, ya hana ci, ya hana barci, mutum ya ji rayuwar ma ta ishe shi, to a ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Malam Ɗanjuma, Obalende

Kalmar "ɗanɗano" da kika faɗa ta tuna mini da karsashi. Karsashi ya haɗa kuzari da sha'awa da himma, kusan alamomin nan uku na Anti Bilki. Mutuwar karsashi. Babu zargi a ciki, babu cuta, kuma kowa ya san ta.

Malam Habu, Apapa

Karsashi Hausa ce, ba ni da ja. Amma abin da ya mutu ba ya tashi, ita kuwa ga shi tana farfaɗowa. Dusashewar karsashi ya fi.

Sadiya, Ebute Meta

Dusashewar karsashi ta yi tsawo, kafin a faɗe ta sau biyar lokacin shiri ya ƙare.

Alhaji Tanko, Alaba Rago

Cin lagwani gaɓa huɗu ce kacal.

Anti Bilki, Idi-Araba

Kuma duk babu "aiki" a cikinsu, alhali daga aiki yake zuwa. Wanda aka yi wa rasuwa ma karsashinsa na mutuwa.

Maman Ilham, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Dole in aika wa mai gabatarwa yau. Zan rubuta mata "mutuwar karsashin aiki" a matsayin take. A cikin hira zan kawo misalin Baba na fitila, kuma zan faɗi cewa daga wani dattijo a Alaba Rago na ji shi.

Alhaji Tanko, Alaba Rago

Misali kawai? To, ba komai. Ki saurari masu bugo waya, ki ga wacce za su maimaita.

Malam Habu, Apapa

Ban gamsu da "mutuwa" ba, a rubuta haka. Amma ta fi banawut.

Abban Sadik, Mile 12

Hajiya ƙarfe nawa ne shirin? Ina so in kunna mata ta ji.