Fijo 504: yaya ake gano ainihin kalar da ta fito da ita?

Bakatsine_504:
Assalamu alaikum. Akwai Fijo 504 salun haɗin Kaduna, ta wajajen 1982, ana gyaranta a Ƙofar Ƙaura, fanel bita ya kusa gamawa. Kalarta ta asali ruwan madara ce, amma an taɓa sake mata fenti, rana kuma ta cinye rufin da bonet. Mai haɗa fenti ya ce a kai masa murfin tanki ya haɗa da ido. Hakan ya isa, ko akwai lambar da ake bi? Kuma lita nawa za ta ci?

Mai_Fenti_Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada a kai murfin tankin nan. Tunda an taɓa sake fenti, kalar mai fentin baya ce a jikinsa, ita ma ta sha rana.

A fara da neman lamba. A buɗe bonet, a wanke ƙarfen da ke saman tayoyin gaba ta ciki da ruwan sabulu. Kada a sa tina (ruwan sirka fenti), domin Fijo kan buga lambar fenti da tambari a wurin, tina kuma goge ta za ta yi. Tsofaffin lambobin alƙaluma huɗu ne, daga baya aka koma haruffa uku. In an samu madalla, amma lamba jagora ce kawai. Sinadaran kala na yanzu ba su ne na wancan zamani ba, musamman rawaya mai gubar dalma da aka daina sawa, kuma ruwan madara da ɗigon rawaya ake haɗa shi. Shi ya sa abin da kwamfuta za ta fitar yakan zo kusa, bai cika zuwa daidai ba.

Alƙalin gaskiya yana wurin da rana ba ta taɓa gani ba: ƙarƙashin robar ƙofa, bayan kwalin ƙofa, ƙarƙashin kafet ɗin but, bayan kujerar baya. A zaɓi fili kamar tafin hannu, a wanke, a goge da kwamfawun (man goge fenti) har ya yi sheƙi. Da wannan za a gwada. In akwai ƙaramin ƙarfe da ke kuncewa a irin wuraren, shi za a kai wa mai haɗawa.

Oga_Sani_Fenta:
Maganar malam haka take, sai dai in ƙara gwaji, domin nan aiki ke lalacewa. Kada a yarda da kalar cikin gwangwani, ko wadda aka shafa da yatsa a kan murfi; fenti yana sauya fuska in ya bushe. A samo ƙananan faranta na ƙarfe, a yi masu furaima (shafin farko kafin fenti) irin wadda za a yi wa motar, a fesa da bindigar da za a yi aikin da ita, shafi biyu zuwa uku, a bari su bushe sosai. Sannan a kara su a jikin tsohon fentin, a waje, da hantsi ko bayan la'asar. Hasken kwan lantarki yana yaudara: kala biyu sai su dace a cikin shago, a fito rana su rabu. A duba ta gaba, a kuma duba ta gefe.

In ana gyara kala, ɗigo-ɗigo ake yi a kan sikeli, ana rubuta giram. Baƙi da ja su ne masu ɓarna, kaɗan ya wuce sai ruwan madara ya koma ruwan ƙasa, kuma dawo da shi sai an zuba fari mai yawa. Da an dace, a haɗa na motar gaba ɗaya a bokiti guda. Lita huɗu kafin a sirka takan isa waje. In har da cikin ƙofofi, but da ɗakin inji, a yi biyar. A ajiye rabin lita da takardar awon.

Bakatsine_504:
Allah ya saka da alheri. To Oga, a yi mai kiliya (shafin sheƙi marar kala) a sama, ko wanda ke sheƙi da kansa?

Oga_Sani_Fenta:
Ranka ya daɗe, tunda kalar ba mai ƙyalli ba ce, a yi 2K mai sheƙi da kansa, wato fentin da ake haɗawa da hadna, sinadarin da ke sa shi tauri. Kiliya tana ba tsohuwar mota wani zurfin sheƙi da ba ta fito da shi ba, mai ido zai gane. Yawanci awo biyu na fenti, ɗaya na hadna, sai tina kamar kashi 10 cikin 100, amma a bi abin da ke jikin gwangwanin. Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska wajen bar 2 a ma'auni, tazara kamar taƙi ɗaya, minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi.

Malam_Bakanike:
Kafin duk wannan, a gwada fentin da ke jikinta yanzu. A jiƙa tsumma da tina a dirza wani lungu. In kala ta narke ta biyo tsumma, fenti ne marar hadna, kuma in aka ɗora 2K kai tsaye zai iya tattarewa ya yi tamoji. Ko a kankare har ƙarfe, ko a rufe shi da furaimar efoksi. A bi da samfefa 180, sai 320, a gama da 400 zuwa 500.

Sai yanayin Katsina. Da hunturu ƙura ce matsala: a yayyafa wa ƙasan wurin ruwa, a toshe kafofin da ƙura ke shigowa. A zafin Afrilu kuwa fenti kan bushe a iska kafin ya sauka, jiki ya fito da kaushi, kalar ta dushe. A nemi tina mai jinkirin bushewa, a fesa da sassafe. A riƙa tsiyaye ruwan tankin kwamfireso kullum, in ba haka ba zai fito a fenti ƙuraje-ƙuraje. Hadna kuma guba ce ga huhu, takunkumin yadi ba ya tare ta, ko mai matatar gawayi ba ya ba da cikakkiyar kariya, sai wanda ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, wurin kuma iska na ratsa shi.