Kiln da Hausa: matoya ko tanderu?

Jama'a, ku taya ni. Ƙanwata a nan Jos tana sana'ar duwatsun ado na gilashi, tana son sayen abin nan da Turawa ke kira kiln, wato abin da ake sa yumɓu ko gilashi a ciki a ba shi zafi, ni kuma aka ɗora wa rubuta mata takardar neman jari da Hausa. Da na zo kan sunan abin sai biro ya tsaya.

Murhu dai na girki ne, maƙera kuma da masu ita. A ajiye su.

Baba ya ce, “Kai ma da neman wahala, ai matoya ke nan.” Raina ya so kalmar, don tamu ce tun kaka da kakanni: filin da magina ke jibge tukwane, su lulluɓe su da kara da ciyawa, su cinna wuta. Da irin wannan wutar Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, ta fara, kafin 1954 da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature magini, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Abin da ta tarar a can kuwa ɗaki ne rufaffe mai cin itace, zafinsa na haura digiri 1200. Shi ke sa yumɓu ya zama tangaran. Wutar fili ba ta kai nan, iska ke kwashe ta.

Na ce, Baba, ka yi haƙuri, akwai kuma inda matoya ta fi gazawa. Dutsen ado ba a cikin abin ake narka shi ba. A bakin harshen wuta ake naɗe gilashin a jikin siririn ƙarfe, sannan a jefa shi ciki da zafinsa, ya zauna a wajen digiri 500, a bar shi ya huce sannu a hankali. In ya huce da gaggawa sai ya tsage, wani lokaci ma sai bayan ya isa wuyan mai saye. To abin da aikinsa hucewa ne, yaya za a ce masa matoya?

Ni tanderu na zaɓa. Na san wani zai ce na gurasa ne. Gaskiya ne, amma me ya sa ya zama tanderu? Rufe zafi da riƙe shi. Sai a ƙara masa sunan aikinsa, kuma nan ne mai saye zai amfana.

Tanderun tangaran zurfi gare shi, wayoyin zafinsa a bango suke, yana kai digiri 1300. Tanderun haɗa gilashi faffaɗa ne mara zurfi, wayoyinsa a murfi, don zafi ya sauka daidai kan fallen gilashin, a wajen digiri 800 yake aiki. Tanderun duwatsu ɗan ƙarami ne, da 'yar ƙofa a gaba inda ake zura ƙarafan. Na tangaran zai iya aikin gilashi in yana da na'urar saita zafi, amma na gilashi ba ya gasa tangaran, kada mai kanti ya ruɗe ki, ƙanwata. Ki kuma tambayi yawan wutar da yake ja kafin ki tambayi kuɗinsa, don kin san halin lantarkin unguwarmu.

A takardar dai na rubuta “tanderun duwatsun gilashi”. Baba ya karanta, ya miƙo min, ya ce, “To, Allah ya sa matoyar tata ta yi albarka.”