Daga Agege zuwa Idumota kullum: ina neman shawarar na gaba

Baƙon Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata biyu ke nan da zuwana Legas daga Funtuwa, ina zaune wurin kawuna a Agege. Allah ya sa na samu aiki a wani shagon atamfa da leshi a Idumota, kuma maigida yana so a buɗe ƙarfe 8. Da an sallame asuba nake fita, in hau danfo zuwa Oshodi, in sake wata zuwa Ailan, wato tsibirin Legas inda Idumota take, amma sai tara ta gota nake isa, ran Litinin ma har goma saura. Dawowa kuwa ba a magana, magariba da isha duk a mota suke riskata. Kuɗin mota ya kusa cinye sulusin albashin, ranar da aka yi ruwa kwandasta sai ya ninka kuɗin ba ko kunya. Shekaranjiya wajen rububin shiga aka zare min waya. Maigida ya fara sauya fuska. Don Allah waɗanda suka daɗe a garin nan, wace hanya ce ta fi? Ko in haƙura in nemi abin yi a nan kusa?

Mai tumatir, Mile 12:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri. Abu na farko, je ka yanki katin Cowry, ana samunsa a manyan tashoshin dogayen bas ɗin nan da ake kira BRT. Kuɗi kake zubawa a ciki, ka danna a bakin ƙofa ka wuce, babu rigimar canji, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya farashin bai motsawa. BRT a gabanmu aka fara ta a 2008, daga nan Mile 12 zuwa CMS da ke Ailan, kuma abin da ya raba ta da danfo shi ne tana da layinta ita kaɗai, sai ka ga kana wuce masu jif suna ta gumi a go-sulo. Ta ɓangarenku akwai wadda aka buɗe a 2020 daga Abule Egba zuwa Oshodi, ka fito Dopemu ka tare ta. Sai dai fa akwai bin layi, da safe mutane ne kamar ƙasa. Cowry ɗin nan ai wuri ke nan da Hausa. An ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, to a Legas sai ka haɗa biyun.

Tsohon ɗan acaba:
Alhaji, da girmanka, amma me zai kai shi Oshodi alhali jirgin ƙasa na bi ta ƙofar gidansu? Red Line ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Katin nan dai shi ne ake shiga da shi. In ya sauka Oyingbo mota ɗaya ce, ta bi Iddo ta hau gadar Carter ta dire shi a Idumota. Abin lura kawai, jirgi ba danfo ba ne da za ka fito ka ɗaga hannu, yana da lokutansa. Ka je tashar Agege da kanka ka ga jadawalin, kada ka dogara da an ce. Da a da ne ma da na ce ka hau mashin, amma tun Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da Ailan ɗin kanta, kuma kamun har da fasinja. Abin da ya raba ni da sana'ar ke nan.

Hajiya mai abinci, Idi-Araba:
Ɗana, ni maganar wayar ce ta tsaya min. Jaka a gaba ake rataye ta, waya kuma ba ta zama a aljihun kaftani na gefe, nan ne hannunsu ya fi saurin zuwa. In kana kusa da taga kada ka riƙa latsa ta a go-sulo.

Wanda ya fi wannan muni shi ne 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota. Motar fenti ɗaya da sauran, ruwan ɗorawa da baƙin layi, za ka ga mutum huɗu ko biyar a ciki har da mace don hankalinka ya kwanta, kwandasta na cewa saura mutum ɗaya. Duk bakinsu ɗaya. Da duku-duku da bayan isha suka fi yawo, wato daidai lokacinka. Ka shiga mota a cikin tasha inda ake lodi, ko da za ka ƙara ɗan wani abu, kada ka tare ta a bakin titi don araha. Sannan ka riƙe ƙananan kuɗi, in ba haka ba kwandasta ya haɗa ka da wani Bayerabe da takarda ɗaya ya ce ku je ku raba, ku yi ta zagaye kuna neman canji. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "owa", in ka tsaya kunyar Bahaushe sai an kai ka Obalende.

Dattijo daga Zangon Agege:
Yaro, duk abin da suka faɗa maka gaskiya ne, amma ciwon naka ba a mota yake ba, a agogo yake. Ka ce sai an sallame asuba kake fita. To alfijir na nan ya fi na gida jinkiri, kafin liman ya sallame shida ta kawo jiki, lokacin kuwa mutanen Sango da Iyana Ipaja sun riga sun cika titi. Duk sammakonka wani a tafe ya kwana. Tazarar rabin awa a fita takan zama awa biyu a hanya. Shekarun da na yi ina zuwa Ailan, da alwalata nake fita ƙarfe biyar, in yi sallah a can kafin rana ta fito. Da yamma kuma kada ka yi gaggawa. In kun rufe, ka taka zuwa babban masallacin da ke titin Nnamdi Azikiwe, ka yi magariba a natse, ka ci abinci, sannan ka nemi mota. Wanda ya fita ƙarfe shida da kai kusan tare za ku isa, shi da bashin sallah, kai babu.

Tsohon ɗan acaba:
Baba, fitar ƙarfe biyar ɗin ce Hajiya ke jin tsoro ai.

Dattijo daga Zangon Agege:
Shi ya sa ba a fita a ɗaiɗai. 'Yan kasuwar Balogun, maƙwabciyar Idumota, nawa ne a unguwar nan? Ya tambayi kawunsa, ba zai rasa abokan tafiya ba.

Baƙon Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wani a shago ya ce in riƙa kwana a ɗakinsu a Obalende in koma gida ran Asabar, amma kawu ya ce ba da yawunsa ba tukuna. Gobe in sha Allah zan bi ta tashar jirgi in duba jadawalin in yanki katin. Baba, in ba damuwa, a wane masallaci kake sallah a Zango? Ina so in zo in gaishe ka.

Dattijo daga Zangon Agege:
Na turo maka ta akwatin saƙo. Ka zo ran Lahadi bayan la'asar.