Ɗigon foliyo da allura, duka sai an yi wa yaro?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum, dan Allah ina da tambaya kan rigakafin shan inna. Yarona an ɗiga masa da aka haife shi, aka ƙara a sati 6, yanzu na sati 10 ya zo ga shi kuma tun jiya yana ɗan gudawa, na rasa in kai shi ne ko in bari ya warware. Sannan nas ta ce a sati 14 akwai allura ita ma ta foliyo, ni abin ya ɗaure min kai wallahi, in ɗigon yana aiki to ta mece ce allurar? Kar abu ya yi wa jariri yawa.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi, ƴar gudawa ko mura ko ɗan zafin jiki ba sa hana rigakafi, amma ki faɗa musu yana gudawa saboda ɗigon kan fita kafin ya kama, sai su ƙara masa wani daga baya. In zazzaɓi ne mai zafi ko ya ƙi nono to wannan likita zai fara gani.

Maganar allura kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗigon ƙwayar cutar ce da aka kashe wa ƙarfi, a hanji take aiki, kuma kin san can ƙwayar foliyo take hayayyafa ta fita a bayan gida ta kama wani yaron, to shi ɗigo ya fi tare wannan hanyar. Ita allura matacciyar ƙwaya ce, a jini take ba da kariya yadda cutar ba za ta kai ga laka ta shanye ƙafa ba. Kuma foliyo iri uku ce, tun 2016 ɗigon da ake bayarwa a asibiti iri na 1 da na 3 kawai yake ɗauke da su, allurar ce ta haɗa duka ukun. Ba ya yawa, maimaitawar ma ita ake so don ba kowane yaro ne ɗigon farko yake kama shi ba.

Baban Yara:
Anti ni fa na ji an ce an gama da foliyo a Afirka, kuma wai rigakafin ma yana kawo cutar, gaskiya ne?

Anti Nas:
Malam akwai ƙamshin gaskiya amma an yanke maka labarin ne. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu sauran asalin ƙwayar a Afirka, amma tana nan a Pakistan da Afghanistan, ita kuwa ba ta neman biza. Ɗayar maganar, in wuri yana da yara da yawa da ba a yi musu ba, raunanniyar ƙwayar ɗigon tana iya daɗewa tana yawo tsakaninsu har ta dawo da ƙarfinta, kuma waɗanda ba su da rigakafin take kayarwa. Yawancin masu ɗauke da foliyo ko alama ba sa nunawa, kusan 1 cikin 200 ne take shanyewa, in ta shanye kuma babu magani sai gashi da motsa jiki.

Uwar Biyu:
Na gode Anti, gobe in sha Allah zan kai shi. Allurar tana sa zazzaɓi?

Anti Nas:
Wurin kan yi ja ko ya ɗan yi ciwo kwana ɗaya biyu, wani yaron jikinsa ya ɗan yi ɗumi, shi ke nan. Ki ba shi nono yadda kika saba. In akwai mai raunin garkuwar jiki a gidan, kamar mai shan maganin ciwon daji, ki gaya musu kafin a ɗiga. Kar ki manta katinsa.